Kunun Ranar Asabar

Ni ba na shan abin da ya shiga roba. Duk wanda ya san ni a Samaru ya san wannan. Sunana Dominic. Na yi shekara talatin da ɗaya a relwe ina ɗaure ƙusoshin layin dogo, na yi ritaya, na gina ɗaki uku na zauna. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma harshena ba a taɓa ruɗa shi ba. Haka nake faɗa a lokacin.

A Muchia aka haife ni, cikin Sabon Garin Zariya. Innata kunun zaƙi take yi: gero, tsiron dawa, citta, kanumfari, busasshen dankali da mazarƙwaila. A ƙwarya take damawa, a randa yake kwana, da ludayin duma ake ɗiba. In na dawo daga makarantar mishan sai ta cika min ƙoƙo. Kafin kunun ya taɓa harshe, hanci ya riga ya sha. Ƙanshin ƙasar randa, ƙanshin duma, da ɗan hayaƙin murhu. Sanyinsa ba irin na ƙanƙara ba ne mai kashe haƙori. Sanyi ne mai hankali.

Lemon kwalba kuwa sai ranar Kirsimeti. Kwalba ɗaya mu huɗu, kowa ya kurɓa ya miƙa, yayana yana sa babban yatsa yana auna inda kowa zai tsaya. Bakin kwalbar nan mai kauri, shi ne rabin daɗin. Yanzu sun zuba shi a gwangwani yana ɗanɗanon ƙusa, sun zuba a roba yana ɗanɗanon bokiti. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sunan. Gora a da duma ne da ake shukawa a bayan gida. Yau robar da wani ya sha ruwa ya yar, ita ce wai gora.

A shekara ta dubu biyu da ɗaya matata Dinatu ta fara kunun sayarwa. Ɗaliban jami'a ne masu saye, su kuwa ba su san ƙoƙo ba. Ta tara gorunan roba ta wanke, ta sayi tsohon firij, ta sayi babbar roba shuɗiya ta damu. Ranar farko ta kawo min gora ɗaya har da durƙusawa.

"Maigida, ka sa albarka."

Na kurɓa sau ɗaya na tofar a gindin mangwaro.

"Wannan ba kunu ba ne. Ruwan wankin bokiti ne."

"To bari in juye maka a ƙoƙo."

"Ko a ƙwaryar zinariya kika juye. Abin da ya taɓa roba ya mutu. Harshena zai gane."

Ta ɗauki gorarta ta rufe, ta tafi. Dinatu in ta yi shiru haka, mai hankali tsoro yake ji. Ni a lokacin na ɗauka na yi nasara.

Bayan kamar wata biyu, tana tsinke zogale, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na ji an ce matar marigayi Nwankwo ta fara sayar da kunu a randa. Wai ranar Asabar kaɗai."

Nwankwo abokin aikina ne a relwe, Allah ya ba shi hutawa. Matarsa Nwamaka tana da rumfar shinkafa da wake a bayan kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife ta. Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'ya'yanmu.

Asabar na shiga bas daga Samaru, na wuce Kwangila, na sauka. Ga randa baƙa a kusurwar rumfa, an kewaye gindinta da jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai. Nwamaka ta ɗebo da ludayin duma ta cika ƙoƙo. Na sha. Sai da na rufe ido. Na ga Inna, na ga zaninta mai ratsin baƙi, har na ji jiniyar jirgin Kano.

"Nwamaka, ke kika dama wannan?"

"Ni mana, Baba Relwe. Ki ƙara?"

"Ka ake cewa. Namiji ne ni."

"Yi haƙuri, Baba. Ka ƙara?"

Na ƙara har sau biyu.

Tun daga ranar, kowace Asabar ina Sabon Gari. Shekara huɗu ban fasa ba sai ranar da aka yi min aikin ido. Kuma duk ranar da na dawo sai na tsaya a tsakar gida na yi gyaran murya.

"Yau na sha kunu. Kunu na gaske. Wasu kuwa sai cika roba."

Dinatu takan ce, "Allah ya ƙara wa harshenka lafiya, Maigida."

Na ɗauka addu'a ce.

A dubu biyu da biyar aka sa ranar auren autarmu Christabel, mai aikin jinya a asibitin Shika. Saura mako uku, matan zumunta na cocinmu suka taru a tsakar gidana da la'asar suna raba aiki. Wannan shinkafa, waccan cincin. Da aka zo kan abin sha, shugabarsu ta yi dariya ta ce, "Wannan ai ba a tambaya. Uwar amarya ce sarauniyar kunu a Samaru."

Ina zaune a bakin ƙofata ina jin rediyo. Na kashe shi.

"Ba za a ba baƙina ruwan roba ba. Kunun bikin 'yata daga Sabon Gari za a kawo. Na Nwamaka. A randa."

Wata ta sunkuyar da kai, wata ta rufe baki da mayafi. Dinatu tana riƙe da tire. Ta ajiye shi a hankali ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba har matan suka watse.

Washegari Christabel ta same ni.

"Baba, ka san abin da ka yi? Gobe duk coci za a ce mijin Mama ma ba ya shan kununta, har ya hana a kai bikin 'yarta. Da wane ido za ta shiga cikin mata?"

"Da idonta biyu."

"Baba, don Allah ka janye."

"Ban taɓa janye magana ba. Ba a kan kunu zan fara ba."

Ta fita tana share hawaye. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma na riga na faɗa a gaban mata.

Asabar ta zagayo. Da ƙarfe goma sha ɗaya nake zuwa Sabon Gari kullum. Ranar nan na yi sammako don in yi maganar kunun biki kafin rumfa ta cika. Lokacin da na fita, Dinatu tana bayan gida, ba ta gan ni ba. Na tsaya wurin mai gyaran rediyo a Kwangila na ɗan jima, na isa bayan kasuwa wajen ƙarfe takwas da rabi.

Ina shan kwana sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a gaban rumfar Nwamaka, da jarka rawaya ɗaure a bayan babur. Na ja baya na laɓe a jikin shagon mai katifa.

Na san jarkar nan. Hannunta ya taɓa karyewa, ni na gyara shi da wayar ƙarfe, murɗi uku da lanƙwasa ɗaya, irin ɗaurin da muke yi wa wayar sigina a relwe. Duk Zariya ba mai wannan ɗaurin sai ni da Nwankwo, shi kuwa yana kabari.

Nwamaka ta fito ta karɓa, ta duba hagu ta duba dama, ta buɗe faifai, ta tuttule jarkar roba cikin randa. Har ta jijjiga ta don kada ɗigo ya rage. Ta miƙa wa ɗan acaɓa ta ce, "Ka gaida Maman Christabel. Ka ce mata maganar biki fa, ni ban san yadda zan yi ba."

Shekara huɗu. Kuɗin mota, zafin rana, gyaran murya a tsakar gida. Ashe kunun da nake barowa a gidana ne yake riga ni zuwa Sabon Gari a kan babur.

Sai na tuna wata magana ta Nwankwo, muna cin rogo a gefen layi. Ya ce, "Dominic, matata Hausarta ba ta karkacewa sai in tana ƙarya. Da ka ji ta ce wa namiji ki, to akwai abin da ta binne." Na yi dariya a lokacin na manta. Shekara huɗu tana ce min ki, ni kuma ina ta gyara mata nahawu kamar malamin firamare.

Da farko na so in fita in fasa randar. Mai katifa ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ina duba katifa ne. Na danna ɗaya, na danna wata. Da na danna ta uku, fushin ya sauka, wani abu ya maye gurbinsa. Su biyu sun yi wasa da ni shekara huɗu. Ni ma ina da haƙƙin mako ɗaya.

Na zagaya kasuwa har sha ɗaya ta yi, na zo kamar kullum. Na sha ƙoƙo ɗaya. Na lumshe ido fiye da yadda na saba.

"Nwamaka, hannunki albarka ne. Yau da asuba kika tace?"

"Da asuba, Baba. Ki ga ma ban yi barci ba."

Ban gyara mata ba.

"Kunun bikin Christabel ke za ki yi. Randa uku."

"Baba, ai Maman Christabel..."

"Na gama magana. Amma akwai sharaɗi. Ranar Alhamis zan zo in zauna in ga yadda kike damawa, daga farko har ƙarshe. Rabona da ganin ana dama kunun gaske tun Inna tana da rai."

Ludayi ya suɓuce mata ya faɗa randa.

"Baba, ai... ai sirri ne. Ba a yi a gaban maza. Ki bari kawai in kawo."

"Na tsufa. Ni da mace duk ɗaya ne yanzu, ke ma kin shaida, tunda ki kike ce min. Alhamis."

Da na koma gida na tsaya a tsakar gida na yi gyaran murya. Dinatu tana wanke goruna.

"Ranar Alhamis ki shirya. Za ki raka ni Sabon Gari."

"Yin me?"

"Koyon kunu. Nwamaka za ta dama a gabanmu. Ki buɗe ido da kyau. Mutum ba ya girma da koyo."

Gorar da ke hannunta ta nutse cikin kumfa. Ta daɗe tana lalube kafin ta ce, "To, Maigida."

Kwana huɗun nan ban taɓa jin daɗin zaman gida irinsu ba. Litinin Dinatu ta ce za ta je duba wata mara lafiya a Muchia. Na ce Allah ya ba ta lafiya, wace ce? Ta ce ban san ta ba. Talata ta ce za ta je sayen zare. Na ce zaren Samaru ya ƙare ne? Laraba na ga ta ƙulla tsiron dawa da citta a leda ta tura ƙasan jaka, ta ɗora littafin waƙoƙi a sama. Na ce, "Yau kuma zumunta da citta ake yi?" Ta ce mura ke damun shugaba. Na ce a gaishe ta.

Alhamis da hantsi muka isa. Bayan rumfar Nwamaka akwai ɗan fili da murhu. Ta ajiye min kujera a inuwa. An riga an jiƙa gero an kai inji, ƙullu yana cikin babbar ƙwarya sabuwa fil, ko ɗaci ba a gama cire mata ba. Tukunyar ruwa tana tafasa. Nwamaka ta ɗaura zani a ƙugu, gumi yana zuba tun ba a fara ba.

Na ce wa Dinatu, "Zauna nan kusa da ni. Kallo kika zo yi. Kada in ji bakinki."

Ta zauna a kan benci ta harɗe hannu.

Nwamaka ta tsaya a kan ƙullu kamar mai jiran a ba ta izini. Ta saci kallon Dinatu. Dinatu ta ɗaga yatsu biyu a kan gwiwa. Wato a raba ƙullu kashi biyu. Na ga yatsun. Na juyo.

"Hannunki yana ciwo ne?"

"Sauro ne."

Nwamaka ta raba. Sai dai ta raba daidai wa daida, alhali babba da ƙarami ake yi. Dinatu ta yi tari. Nwamaka ta rage wannan ta ƙara wancan. Dinatu ta sake tari. Ta mayar.

"Murar shugaba ta kama ki," na ce. "Da kin rage cittar."

Aka zo zuba ruwan zafi. Nan Nwamaka ta ɗan samu kanta, don ta saba dama koko. Ta sheƙa ruwa a babban kashin, ya yi kauri, ya yi kyau. Ta yi murmushi. Sai murna ta ɗebe ta. Ta ɗauki ƙaramin kashin, wanda ta haɗa da niƙaƙƙen tsiro da dankali, za ta juye a kai nan take, tururi yana tashi kamar na injin jirgi.

Ko ni da ban taɓa dama kunu ba na san wannan kuskure ne. Zafi yana kashe tsiro. In tsiro ya mutu, kunu ba zai tsinke ba, zaƙi ba zai fito ba. Sai a wayi gari da ƙwarya cike da kokon da ba mai sha.

Dinatu ta yi tari. Nwamaka ba ta ji ba. Ta yi tari mai ƙarfi. Ƙwarya ta fara karkata.

"Ke! Ajiye!"

Ban san Dinatu tana da sauran gudu haka ba. Kafin in ƙifta ido ta fizge ƙwaryar.

"Mudu huɗu na gero za ki kashe min? Sau nawa na faɗa miki jiya? Sai ya huce! Ki sa ɗan yatsa a ciki ki karanta Addu'ar Ubangiji. In kin kai Amin ba ki cire ba, sannan ki juye!"

Ta rufe baki. Amma maganar ta riga ta fita.

Ni kuwa na kasa dariyar da na tanada tun Asabar. Wannan maganar ta Inna ce. Kalma da kalma. Na sha ganinta durƙushe gaban ƙwarya, yatsa a ciki, leɓe yana motsi. Na manta cewa shekara tara Dinatu ta yi tare da ita a gidanmu na Muchia, tun tana amarya. Na manta wa ya riƙe mata ƙwarya lokacin da hannunta ya fara rawa.

Nwamaka ta zauna a kan turmi ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba Relwe, ka yafe ni. Ni shinkafa na iya. Ita ta kawo randar, ita ta kawo ƙoƙon, ita take aiko da kunun."

"Yau kin ce ka."

"Na'am?"

"Ba komai. Mijinki ya san ki."

Na miƙe na gyara hula. "Kun ɗauka ban sani ba? Jarka rawaya mai hannun waya. Ni na ɗaura wayar. Tun ranar farko na gane. Ina kallonku ne kawai."

Dinatu ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Maigida, shekara arba'in da uku muna tare. In za ka yi ƙarya hularka kake gyarawa. Mai katifa ya ce wa Nwamaka ranar Asabar wani tsoho ya danne masa katifa uku bai saya ba."

Na sauke hannuna daga hular.

"To kin san na sani, me ya kawo ki yau?"

"In ga iyakarka. Da ba don geron nan ba, da har yamma muna nan."

Nwamaka ta fashe da dariya har da buga cinya. Na harare ta. Ba ta daina ba.

Dinatu ta buɗe jakarta ta fito da gorar roba guda, cike da kunun da ta tace da safe. Ta ɗauko ƙoƙo ta zuba rabi, ta bar rabi a gora. Ta ajiye su biyun a kan benci.

"Sha."

Na ɗauki ƙoƙo na sha. Inna ce, ko da bai kwana a randa ba. Na ɗauki gorar. Shekara huɗu rabona da kai irinta baki. Na kurɓa. Bakinta siriri, hanci ba ya samun komai, kunu yana wucewa kai tsaye kamar magani.

"Ba ɗaya ba ne," na ce.

"Maigida!"

"Na ce ba ɗaya ba ne, kuma ba zan fasa ba. A ƙoƙo hanci yana sha tare da baki. A roba baki kaɗai ke sha." Na ajiye gorar. "Amma hannun ɗaya ne."

"Hannun wa?"

"Kin sani."

"Kunnena ya tsufa."

"Naki."

Ta rufe gorar ta mayar jaka. "A gaban mata ka zubar da ni. A gaban mata za ka ɗauke ni. In ba haka ba, Nwamaka ta dama muku na bikin, ku sha da cokali."

Na ce zan duba. Ta ce in duba da kyau. Sannan ta durƙusa ta sa yatsa a cikin ƙullu, leɓenta ya fara motsi. Na juya ina kallon bango, don hayaƙin murhu ya shiga idona.

Ranar biki aka kafa rumfuna a filin coci. Goruna ɗari uku Dinatu ta cika, suna cikin ƙanƙara. Ni kuma, ba tare da na yi shawara da kowa ba, na ɗauko randar Nwamaka a bayan wata motar ɗaukar kaya, na sayi ƙoƙuna ashirin a kasuwar Sabon Gari, na sa aka jiƙa su kwana uku. Na kafa randar kusa da teburin dattawa.

Aka ba uban amarya lasifika. Ban iya dogon jawabi ba. Na yi wa yaran addu'a, na ce wa angon ya riƙe 'yata da kyau don ina da sauran ƙarfi. Aka yi dariya. Na ga matan zumunta a jere cikin ankonsu, Dinatu a tsakiya tana kallon ƙasa. Na kai hannu zan gyara hula, na tuna, na sauke.

"Saura magana ɗaya. Na ce kunun Sabon Gari ya fi na matata. Shekara huɗu ina faɗa. To na Sabon Garin ma nata ne. Da na randa da na roba, duk wanda kuka sha yau, Dinatu ce. Babu kamarta a Zariya. Na janye."

Guɗa ta tashi. Shugabar zumunta ta ja Dinatu tsakiyar fili, mata suka kewaye ta da rawa. Christabel ta taso da farar rigarta ta rungume ni a gaban jama'a, abin da ba na so. Na bar ta.

Amma ku ji abin da ya faru bayan nan. Wani ɗalibi, abokin ango, ya zo ya ce a ba shi na randa ya gwada. Ya sha ya kira abokinsa. Kafin a yanka kek, layi ya kai bakin ƙofar coci. Yara masu wayar hannu a aljihu suna ajiye gora suna jiran ƙoƙo. Wata ta ce wai wannan ya fi na roba nesa ba kusa ba, a ina aka saye shi? Nwamaka ce ke ɗiba. Duk lokacin da randa ta yi ƙasa sai ta zagaya bayan rumfa, ta buɗe gorunan nan dai, ta tuttule a ciki.

Na je na tsaya kusa da Dinatu na nuna mata layin da haɓa.

"Kin gani?"

"Na ga suna shan kununa."

"A ƙoƙona."

"Sha ƙoƙon babu kunu mu gani."

Ba kowace magana ake amsawa ba.

Bayan biki ta ce a bar randar a gida, in huta da hanya. Na gwada mako biyu. Ina zaune ina ganin shuɗiyar roba, ina ganin ana juyewa, sai kunun ya ƙi sauka daidai. Na sa aka mayar da randar Sabon Gari.

Yanzu kowace Asabar ni nake ɗaukar jarka rawaya. An sallami ɗan acaɓa. In shiga bas in ɗora ta a cinya, in wuce Kwangila, in sauka bayan kasuwa. In miƙa wa Nwamaka, in tafi wurin mai katifa mu gaisa, don yanzu mun saba. Bayan rabin awa in dawo in zauna. Ta buɗe faifai ta cika min ƙoƙo.

"Nwamaka, wa ya dama wannan?"

"Ni mana, Baba Relwe. Ki sha."

In sha biyu, in ɗauki jarkata in koma Samaru. In tsaya a tsakar gida in yi gyaran murya.

"Yau na sha kunu."

Dinatu takan karɓi jarkar ta duba hannun. Wayar ta fara tsatsa. Ta ce in sake ɗaura wata kafin ta yanke ni a hanya.